Gyaran Inno

Ranar da injin liƙe leda ya iso ƙauyenmu, guɗar da muka rangaɗa sai da ta firgita awakin unguwa. Ɗan abu ne da bai fi tsawon hannu ba, amma mu ashirin da biyu, matan ƙungiyar manoman gero, muka yi masa zobe kowa na son ta shafa. Malama Mardiyya, malamar gona da ke zuwar mana daga Zango, ita ta kawo shi da batirinsa da sikeli da ledoji.

Ta kuma zo da albishir. Alhaji Munzali mai babban kanti a Daura ya yarda ya ba garin kununmu wuri a kan kantarsa. Leda arba'in yake so ranar Juma'a da hantsi, in kuwa kaya suka zo a hargitse to shi ke nan, zai ci gaba da saro na Kano. Ni Ikilima, da aka ɗora wa shugabanci don bakina ba ya shiru, na buga ƙirji na ce ko ƙwayar gari ba za ta zube ba.

"Kilo ɗaya cif," in ji Malama. "Ku bar wajen yatsa uku a bakin leda. In gari ya taɓa wurin liƙi, ba zai kama ba."

Ranar Alhamis gidanmu ya zama gidan biki. Masu surfe na yi, masu tankaɗe na yi, ƙamshin citta da kanumfari har bakin rijiya. Inno, wadda ta girme mu duka, ta ce ita ma sai an ba ta aiki. Don kada ta wahala na zaunar da ita tsakanin sikeli da inji, ta riƙa karɓar leda daga mai awo tana miƙa wa mai liƙi. Na ga ƙwaryar gari a gefenta, ban kawo komai a raina ba, ina can ina ta ba da umarni kamar uwar amarya.

Da safe muka shiga motar haya ni da Inno, don ta rantse sai ta ga kantin da idonta. Duk ramin da direba ya faɗa sai na rungume buhun.

A gaban Alhaji na kwance bakin buhu ina murmushi. Gari ya yi tsalle ya wanke mini fuska. Leda goma sha ɗaya sun buɗe baki!

Alhaji ya jawo buhun gabansa. Ya ɗauki lafiyayyar leda ya ɗora a sikelinsa, ya sake ɗora wata.

"Sikelinku ya lalace. Kowace ta haura kilo."

"Sikeli lafiyarsa lau, Alhaji," in ji Inno tana gyara mayafi. "Ni na yi gyara."

"Inno, gyaran me?" na ce.

"Ke 'yar nan, shekara arba'in ina awo a kasuwa, ban taɓa sallamar mutum ban ƙara masa hannu guda ba. Yau don an sa gari a leda sai a ce matan garinmu marowata ne? A Daura? Ba da ni ba!"

Na rasa inda zan sa kaina. Alhaji ya duba agogo, ya ce shi dai shara ya gani ba kaya ba, mu tattara kafin ya dawo daga masallaci.

Haushi ne ya ba ni dabara. Yana fita na sayo ƙananan ledoji a maƙwabta, muka zauna daga gefen ƙofa. Garin da ya rage cikin ledojin da suka buɗe muka riƙa ƙullawa hannu-hannu, kowane ƙulli na ɗaure shi a wuyan lafiyayyar leda.

"Ga gyaranki nan, Inno, a waje, inda kowa zai gani."

Wata mata da ta zo sayen sabulu ta tsaya. "Wannan ɗan ƙullin fa?"

"Gyara ne, Hajiya," Inno ta cafe.

"Gyara? A kanti?" Ta kwashe da dariya, ta ɗauki biyu, ta ƙwala wa ƙawarta kira daga tsallaken titi. Kafin a sauko daga masallaci mata sun cika ƙofar, wata na shinshinawa, wata na tambayar ko da barkono a ciki. Inno sai zuba take kamar a rumfarta.

Alhaji ya dawo da darduma a kafaɗa ya tarar da leda uku kacal. Ya dube su, ya dube mu, ya tura hula ƙeya.

"Mako mai zuwa tamanin," ya ce. "Kilo cif, ƙulli a waje. Iya, kada hannunki ya sake shiga leda."

Ya nuna mana wurinmu a kan kanta, ɗan lungu a gefen kayan Kano. Ni har na fara godiya, hawaye na gangarowa cikin garin da ke fuskata. Inno kuwa ta matsa ta auna wurin da hannunta, ta taɓe baki.

"Alhaji, haka za ka sallame mu? Ba gyara?"

Yaran kanti suka tuntsire da dariya. Alhaji ya girgiza kai, ya sa hannu ya tura kayan Kano gefe, taƙi guda cur.