Kwarin da Ke Bayan Katanga

Da ƙaramin jirgin ɗaukar hoton ya yi sama, sai Bernard ya hango abin da doguwar katanga ta ɓoye: wani jan kwari da ruwan damina ya haƙa, ya cinyo ƙasa har kusa da gindin ginin. Ya tsayar da jirgin cak a iska, ya ƙura wa allon da ke hannunsa ido.

Sana'arsa ke nan a Gombe, ɗaukar hoton gidajen da za a sayar. Wannan gida na unguwar Herwagana na Mama Selina ne, tsohuwar malamar firamare da mijinta ya rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. Cikin gidan bai ba shi wahala ba. Ya kafa kyamara daidai tsayin ƙirji don bango ya tsaya sak, ya ɗaura mata gilashi mai faɗi har falon ya yi kamar an ƙara masa ɗaki, ya rage haske don kada taga ta fito fari fat. Wannan duk kwalliya ce, bai taɓa jin nauyinta a zuciya ba.

Inuwa, dillalin da ya kawo shi aikin, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Sauko da shi, Bernard. Kada ya wuce kan rufi. Ka juya idon kyamarar gabas, ƙofa da tsakar gida kawai nake so."

"Malam Inuwa, mai sayen fa? Da iyalinsa zai zauna a nan."

"Yana Fatakwal, bidiyo zai gani. Kai hoto aka kira ka."

Mama Selina ta fito da kofin zoɓo, ta miƙa wa Bernard. Ta dubi allon, ta daɗe ba ta ɗauke ido ba. Ba ta taɓa ganin kwarin daga sama ba.

"Ashe haka ya girma," ta ce a hankali. "Bara ya tafi da ɗakin girkin maƙwabcina Alfred. Ɗana, da hadari ya haɗo sai in sa takalmi in zauna bakin ƙofa har ruwa ya ɗauke. Ƙafafuna sun daina gudu."

Ba ta roƙe shi komai ba. Ta karɓi kofinta ta koma ciki tana dafa bango.

Bernard ya koma kan allonsa. Ya sauko da jirgin, ya liƙa masa baƙin gilashin da ke tare ƙarfin rana, ya rage masa gudu don hoton ya tafi sumul. Ya sake tashinsa, ƙasa-ƙasa, fuska gabas. Rufin kwano ya fito yana ƙyalli, tsakar gida tas, sararin sama shuɗi. Bai taɓa yin bidiyo mai kyawun wannan ba, bai kuma iya sake kallonsa ba.

Gida ya sayu kafin ruwan farko. Mama Selina ta koma garin Kwadon wurin ƙanwarta.

Damina ta yi nisa, wata ranar Asabar da rana wayarsa ta yi ƙara.

"Sunana Sharfaddeen. An ce kai ka ɗauki hoton gidan da na saya a Herwagana."

Bernard ya gyara riƙon wayar. Ya zauna a bakin gado.

"Ni ne, Malam."

"Ba faɗa na kira mu yi ba." Muryar mutumin a gajiye take, ana jiyo kukan jariri a bayansa. "Katangar baya ta faɗa kwari shekaranjiya. Na sa an tayar da wata, an shafe ta da fenti. Yarana uku, ba zan iya zama ba, sayarwa zan yi. So nake ka zo ka ɗauka mini, irin wancan sak."

Bernard ya dubi taga. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana ta kaɗa igiyar shanya.

"Kana ji na?"

"Ina ji," in ji Bernard. "Sai dai mu jira ranar da gari ya washe."