Maigadi a Wayar Inna

Tela ya cuci uwarsa, ba sai an yi kwana-kwana ba. Ya karɓi wayarta da sunan zai sa mata caji, ya toshe duk lambar da ba a ajiye a ciki ba, kira da saƙo duka, ya mayar mata bai ce uffan ba.

Yana da hujjarsa, kamar kowane mai laifi. Shekara huɗu ke nan da ƙaninsa Auta ya tafi neman aiki, lambarsa ta daina shiga. Tun daga nan Inna ba ta barin kira ya wuce, ko tana tsakiyar wanki sai ta goge hannu a zani ta ɗauka. 'Yan damfara suka gane ta. Wani ya shaƙe murya ya ce mata shi ne Auta, yana hannun hukuma, ta sayar da 'yan kunnenta ta tura masa kuɗin. Tela ya san in ya shawarce ta ba za ta yarda ba, shi ya sa bai shawarce ta ba.

Bayan wata biyar ta same shi a shago, ƙafarsa a kan keke, allura a baki. Ta ce wayarta ta kurmance, ko ɓarayin nan ma sun daina gaishe ta, ya tashi ya raka ta wurin mai gyara. Ya ce lafiyar waya ƙalau. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta motsa ba, har ya ajiye rigar da yake ɗinki.

Teburin mai gyara cike yake da kumburarrun batura da fasassun gilasai. Mutum ne mai surutu. Ya ɗan latsa nan da can, sai ya yi dariya.

"Mama, wayarki ba kurma ba ce. Maigadi aka sa mata a ƙofa, duk baƙon da ya zo ya kore shi."

Tela ya ƙifta masa ido, bai lura ba. Ya buɗe inda saƙonnin da aka tare suke taruwa, yana karanta mata da ƙarfi tunda ba ta karatu. Ya ce in ta saƙonnin nan ne ta ci kyautar mota sau uku amma ga ta tana yawo a ƙasa. Har Inna ta murmusa. Can sai ya ci karo da wani abu daban. Lamba ɗaya ce ta kira sau goma sha huɗu cikin kwana uku, wata biyu da suka wuce, ta bar saƙo biyu. Inna ta ce ya karanta.

"Ni ma'aikaciyar jinya ce. Akwai mara lafiya a ɗakinmu, ya ce a gaya wa Inna Auta ne. Ba ya neman komai, muryarki yake so ya ji." Ya karanta na biyun. "Ya rasu yau da safe. Lambar nan kaɗai ya haddace."

Tela ya ce ai haka 'yan damfara suke yi, salonsu ne. Bai taɓa roƙon Allah ya sa abu ya zama damfara ba sai ranar. Mai gyara ya kira lambar, ya buɗe murya kowa ya ji. Mace ta ɗauka, ana jin ƙarar gadon marasa lafiya da ake turawa a bayanta. Ta tuna da majinyacin sarai. Ta ce dogo ne, yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, kuma da babu wanda ya zo, asibiti ne ya yi masa sutura.

Tela ya san tabon. Shi ya yi masa shi da dutsen guga, ranar da ya fara koya masa aiki.

Inna ta yi salati a hankali, ta dafa teburin. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta tambaya waye ya sa maigadin.

"Ni ne, Inna. Don kar a sake cutarki."

"Su ɓarayin, 'yan kunne kawai suka ɗauka," in ji ta.

Mai gyara ya tambaya ko ya cire abin. Ta ce ya bar shi yadda yake, babu sauran baƙon da take jira. Sannan ta nuna Tela da haɓa.

"Goge lambar wannan."

Mai gyara ya dubi Tela, Tela ya dubi ƙasa. Mai gyara ya goge.

A makon ta koma gidan 'yarta da zama. In ya je gaishe ta, takan amsa gaisuwa, ba ta ƙara kalma. Shekara guda ke nan Tela yana kiranta kowace safiya kafin ya buɗe shago, kiran bai taɓa shiga ba.