Fuskar Mai Kifi a Ƙarƙashin Rubutu

Pyo Dokchil ya haura shekara sittin a duniya bai san fuskar uwarsa ba. Ta mutu yana ɗan shekara huɗu, zamanin da hoto abin masu hali ne, ita kuwa kifi take sayarwa a bakin tashar jiragen ruwan garin Mokpo, ko takalmin kirki ba ta da shi. Duk shekara idan ranar tunawa da ita ta zagayo, a shirya tebur da shinkafa da miya da busasshen kifi, a kafa farar takarda mai sunanta a inda wasu ke kafa hoto, a durƙusa a gaishe ta. Shi dai Dokchil durƙusawa yake yi ya rufe ido, ya ga duhu, ya tashi.

Mutum ɗaya ce ta rage da ta san fuskar, yayarsa Malsun, wadda ta goye shi ta raine shi, kuma har gobe take zaginsa kamar jiya ta yaye shi. Ita ce ta cika masa kunne da labarin fim tun yana yaro. Wai wata rana 'yan fim suka sauka a kasuwar kifi da fitilu da igiyoyi, da wata jaruma mai farar riga, suka ce wa Omma, wato uwarsu, ta zauna a inda take, idan jarumar ta yi mata magana ta ɗago kai. Malsun tana bayan igiya, Dokchil a bayanta yana tsala ihu.

"Saboda kukanka sai da aka sake ɗauka," take ce masa. "Tun kana tsumma kake ɓata wa mutane aiki."

Ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Kafin ya iso silimar garin an binne Omma, wa zai kai marayu kallo? Daga baya kuma ya ɓace ɓat. A wancan lokacin idan fim ya gama yawonsa, masu yin malafa ake sayar wa, su yayyanka zirin su zagaye bakin hulunan manoma da shi. Dokchil yana saurayi ya sha cire wa mutane malafa a ka ya ɗaga wa rana, yana duban 'yan hotunan da ke jiki ko zai ga mai kifi. Mari ya sha ba kaɗan ba, mai kifi kuwa bai gani ba.

To, kwatsam a farkon bazarar nan, yana cin abincin rana a gaban talabijin, sai ya ji an ce an tsinci kwafin fim ɗin a wani rumbun ajiya a Turai, an kawo shi Seoul an gyara, an buga shi a faifai. Cokalin ma a cikin miya ya bar shi. Ya sa aka aiko masa da faifan, ya je shagon 'yan gwanjo ya nemo na'urar sakawa, mai shagon yana yi masa dariya wai wa yake kallon faifai yanzu.

Can tsakiyar fim sai ga kasuwa. Ga jaruma mai farar riga tana tafe tana kakkauce wa ruwan kifi. Ga wata mata a ƙasa, can gindin hoton, zaune gaban daro, kanta a sunkuye tana kankare ɓawo. Jarumar ta tsaya ta yi magana. Matar ta ɗago.

Wayyo. Dokchil ya tsayar da hoton, ya rarrafa gaban talabijin a kan gwiwoyinsa. Fuska zagayayyiya, idanu masu laushi, baki kamar zai yi murmushi. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da matarsa ta mutu, har maƙwabciya ta buga bango.

Washegari ya kai faifan wurin mai hoto, aka ciro masa matar daga kai zuwa hannu, aka ƙara mata girma, aka sa a baƙin firam. Ya so ya ruga wurin Malsun da shi, amma gidan kula da tsofaffin da take ya rufe ƙofa saboda mura ta ɓarke a ciki. Makonni ya yi shi kaɗai da hoton. Da safe ya gaishe shi, in ya dafa abu ya ɗibar masa a ƙaramin kwano, in zai fita ya ce, "Omma, na tafi, yanzu zan dawo." Ya duba madubi ya ga wai hancinsa nata ne.

Ranar da aka buɗe ƙofa, shi ne na farko a layi. Ya sami Malsun a bakin taga, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Idanunta sun yi rauni, abu sai ta kawo shi dab da hanci take gani, amma bakin yana nan da kaifinsa.

"Ka rame," ta ce. "Ko ka koma shan giyar ne?"

"Yaya, rufe ido, na kawo miki baƙuwa."

"Idon da dama a rufe yake? Miƙo nan, shashasha."

Ta karɓi firam ɗin ta kai shi fuska. Ta daɗe. Ta bi ƙasan hoton da yatsa, ta tsaya a kan hannun da ke riƙe da wuƙa.

"Hannun Omma ne," ta ce a hankali. "Ga ɗan yatsan da ƙugiya ta lanƙwasa. Rigar ma tata ce, ni na ɗinke kafaɗar nan." Ta matsa sama, sannan ta ture hoton kan cinyarsa. "Wannan kuma wace ce?"

"Wace ce kamar yaya? Omma ce mana."

"Ba ita ba ce."

"Haba Yaya! Yanzu kika ce hannunta ne."

"Hannunta ne, kan ba nata ba ne. Kai, ni za ka koya wa fuskar uwata?"

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce mata ido ne ya cuce ta, ya ce shekara sittin ba wasa ba ce, ya ce dama ita ba ta son ganin yana murna. Ta ce ya kwashe matar mutane ya fita mata da ita. Ya fita yana huci, hoton a hammata. Amma daren nan da ya zo ɗibar wa hoton shinkafa, hannunsa ya ƙi.

Sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi Seoul, ofishin da sunansa ke bayan kwalin faifan. Aka yi ta mayar da shi daga wannan tebur zuwa wancan, har aka kira wata mata mai furfura jefi-jefi da gilashi rataye a wuya, Seol Yunha, wadda ita ta jagoranci gyaran. Ta saurare shi tsaf. Da ya ambaci mai kifi, sai ta murza idanunta.

"Baba, ku zo ku gani da idonku," ta ce. "Ya fi in yi muku bayani."

Ta shiga da shi wani ɗaki mai sanyi marar taga, ta zaunar da shi gaban wata faffaɗar kwamfuta. Ta ce abin da za ta nuna masa shi ne fim ɗin yadda aka tsince shi, kafin a taɓa shi. Hoton ya fito yana rawa, duk zane-zane kamar ana ruwan sama. Ga kasuwa, ga jaruma, ga mata a sunkuye. Jarumar ta buɗe baki, matar ta ɗago, a daidai nan wasu manyan fararen baƙaƙen rubutun Turawa suka faɗo a kan fuskarta, daga kunne zuwa kunne. Jarumar ta rufe baki, matar ta sunkuya, rubutun ya ɗauke.

"Ki cire shi mana," in ji Dokchil.

"Ba ya ciruwa, Baba. Fassara ce, don masu kallo na can aka yi shi, kuma ƙona shi aka yi a jikin fim ɗin. Abin da ke ƙarƙashi ya tafi tun kafin a haife ni. A wasu wuraren mukan ɗauko daga hoton da ke gaba ko na baya mu cike. Amma ita duk lokacin da fuskarta take sama, rubutun yana kai."

"To wannan ta cikin firam ɗin fa?"

"Mu muka yi ta. Muka ɗauki abin da ya leƙo tsakanin baƙaƙen, sauran muka aro daga wata mai kifi da ke can baya, muka daidaita da hannu. An rubuta a ɗan littafin da ke cikin kwalin cewa an cike wasu wurare." Ta dube shi. "Ban taɓa kawowa a raina tana da 'ya'ya a raye ba. Ku yi haƙuri."

Ya zo da niyyar faɗa, ya rasa wanda zai yi da shi. Ya zuba wa allon ido. Tsakanin baƙaƙe biyu akwai rabin ido, can gefe leɓatun kunne, ƙasa 'yar haɓa. Shi ke nan abin da ya rage.

"Me rubutun yake cewa?" ya tambaya.

"Maganar jarumar ce. Cewa take, kifin na yau ne?"

Dokchil ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya share hancinsa da bayan hannu. Malama Seol ta buga masa hoton mai rubutu a takarda mai kauri, ta raka shi har bakin ƙofa, ta ce idan yayar tasa za ta iya kwatanta fuskar dalla-dalla, goshi, gira, hanci, baki, to ita za ta zauna da kanta ta zana masa guda ɗaya, ko da ba za ta shiga faifai ba.

Da wannan ya koma Mokpo, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ya sayi lemo ya tafi wurin Malsun, ya durƙusa ya ce ta yafe masa, ita ce da gaskiya.

"Yau ka sani?" ta ce. Amma ta karɓi takardar. Ta kai ta hanci, ta laluba har ta sami rabin idon nan. "Ga ta nan. Ga ta nan tana hararata. Haka take yi in na bar ka kana kuka."

"Yauwa, Yaya. Yanzu faɗa mini sauran, matar ofishin ta ce za ta zana. Goshinta yaya yake?"

"Goshi dai... goshi."

"Faffaɗa ko ƙarami?"

"Tana ɗaura ƙyalle a kai. Kullum da ƙyalle."

"To hanci? Irin nawa ne?"

"Allah ya kiyaye. Dogo ne. A'a, tsaya. Na Inna ƙanwarta ne dogo."

"Baki fa?"

Malsun ta rufe ido, ta matse su, har jijiyar goshinta ta tashi. Ta ce tana jin muryarta yanzu haka, tana jin ƙarnin kifi da sabulu a wuyanta, tana ganin tafin ƙafarta da ya tsattsage. Ta ɗaga hannu tana shafa iska kamar mai neman abu a kan kanta. Sannan hannun ya faɗo kan bargo.

"Dokchil," ta ce, kuma rabon da ta kira shi da sunansa ya manta. "Ba ta zuwa. Wallahi in aka nuna mini wadda ba ita ba, na sani. Amma ita ba ta zuwa. Yaushe ta tafi ban sani ba?"

Ta fashe da kuka, tsohuwa mai shekara saba'in da biyar, tana kiran Omma kamar an bar ta a kasuwa. Ya riƙe hannunta har ma'aikaciya ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Bai kira Malama Seol ba.

Ranar tunawa ta zo a ƙarshen damina. Ba a bar Malsun ta fito ba, ƙirjinta ba daɗi, shi kaɗai ya yi komai. Da la'asar ya soya kifi, ya dafa miya, ya fere tuffa, ya jera su a tebur yadda ta koya masa. Hoton matar da aka ƙirƙira ya cire shi daga firam, ya kifa shi a ƙasan akwatin kaya. Ya sa mai rubutun a madadinsa, ya kafa a tsakiya, fararen baƙaƙe daga kunne zuwa kunne, rabin ido yana leƙowa.

Ya kunna turare. Ya zuba giyar shinkafa a ƙoƙo, ya soka cokali a cikin shinkafa, ya buɗe ƙofar gida kaɗan don mai zuwa ta sami hanya. Ya ja da baya ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa, ya rufe ido yana jiran duhun da ya saba.

Duhun bai zo ba. Fuskar nan ce ta zo, zagayayyiya, mai idanu masu laushi, bakin kamar zai yi murmushi. Ya buɗe ido da sauri ya kalli rabin idon da ke tebur, ya ƙura masa ido har nasa suka kawo ruwa, ya sake rufewa. Ita ce dai ta dawo.

"Tafi," ya ce mata. "Don Allah ki tafi, ba ke nake kira ba."

Turaren ya ci har ya ƙare, miyar ta huce. Yana nan durƙushe, goshi a ƙasa, matar tana kallonsa.