Motar Abdulkabir Ta Zauna

Ranar da Abdulkabir ya shigo garinsu Ɗinyar Malamai da tsohuwar Golf ɗinsa, bai san gari ya sayo wa mota ba. Shi a tunaninsa motar ta karatu ce. Malamin sakandare ne a Dawakin Tofa, shekara tara yana kan mataki ɗaya saboda ba shi da digiri, sai ga shi ya samu gurbin karatun ƙarshen mako a Kano, kowace Asabar ƙarfe takwas na safe. Don ya riƙa isa a kan lokaci ya sayi motar. To, ita kaɗai ce mota a garin, kuma mutanen gari su ma Asabar ɗin ce suka lura ba ya zuwa aiki.

Da shi ake tambaya kai tsaye, da wataƙila ya koyi yin ƙarya. Amma ba wanda yake zuwa wurinsa. Wurin mahaifinsa ake zuwa, Malam Hashimu, limamin gari, bayan an idar da sallar asuba. Sai Malam ya leƙo sashensa ya ce wane zai kai matarsa awo, ko za a kai wa Inna Larai buhunan gyaɗa inji, ko akwai gaisuwar mutuwa a wani ƙauye. Malam bai taɓa cewa dole ba. Yakan ce idan da hali, ya juya ya tafi. Abdulkabir kuwa tun da ya yi wayo bai taɓa iya duban tsohon nan ya ce masa a'a ba.

Haka motar ta ɗauki takin zamani da tumatirin Watari da masu haihuwa, har akuya ta taɓa kwana a bayanta. Tahira matarsa ta raɗa mata suna jakin gari. Shi kuwa abin ya daina ba shi dariya, domin Asabar huɗu ya rasa a zango ɗaya. Malamin da ke kula da ajinsu ya kira shi ofis ya nuna masa takardar sa hannu, ya gaya masa cikin mutunci cewa in ya sake rasa ko da guda ɗaya, sunansa ba zai fito cikin masu zana jarrabawa ba, kuma gurbin ba a ajiye wa mutum shi. Abdulkabir ya fito daga ofishin yana jin kamar an ɗaure shi da igiya a turke.

A garejin Kamaruddeen bakanike da ke Bacirawa a Kano dabarar ta zo masa. Ya kai motar ne don shokazoba ɗinta sun mutu, sun zubar da mai, ko ƙaramin rami ta faɗa sai ta yi ta rawa. Yana zaune a benci sai ya ga wata ƙaramar mota ta samarin birni, ta kwanta ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Ya tambayi abin da ya same ta. Kamaruddeen ya yi dariya ya ce lafiyarta ƙalau, mai ita ne ya sa aka sauke ta, an sa mata gajerun sifirin da shokazoba masu tauri. A kan kwalta ba ta da na biyu wajen kama hanya, amma ko kan tudun rage gudu sai an bi da ita a karkace.

"Wannan in ka kai ta ƙauye, ko ƙofar gari ba za ta shiga ba," in ji Kamaruddeen.

Abdulkabir ya ce, "Haka nake so ka yi wa tawa."

Kamaruddeen ya dube shi kamar bai ji da kyau ba. Ya san hanyar garinsu, ya taɓa zuwa biki can. Ya tuna masa cewa duk mutumin karkara ɗaga motarsa yake sa a yi, bai taɓa ganin wanda ya ce a sauke ba. Da ya ga maganar ba ta shiga, sai ya ce shi dai ba zai yanke tsohon sifirin da wuta ba kamar yadda wasu ke yi, don wannan kisan kai ne. Sababbi za a saya. Yini guda suka yi. Aka ɗaga motar a jak, aka cire tayoyi, aka kwance tsofaffin ƙarafa da suka yi tsatsa, aka sauya robobin da suka tsattsage, aka ɗaura sababbin sifirin jajaye masu sheƙi. Da aka sauke ta, tsakanin taya da jikin mota, inda a da hannu ke shiga gaba ɗaya, yanzu yatsa biyu ne da ƙyar.

A kan kwalta ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Motar ta daina tangaɗi, ta daina ƙara, yana juya sitiyari tana bin sa. Da ya iso inda ake sauka daga titi a shiga burtalin garinsu, sai ya rage gudu. Burtalin nan siriri ne, gonaki sun matse shi dama da hagu, domin a ƙasarsu kowane taku yana da mai shi, kuma kowa na ja da kunyarsa har bakin hanya. Amalanken shanu sun haƙa ramuka biyu dogaye, sun bar tudu a tsakiya. Ya shiga a hankali. Ko tsawon mota uku bai yi ba ya ji cikinta ya daki ƙasa, salansa ta yi ƙara. Ya yi baya, ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar Sabiru mai faci, ya kulle, ya kama hanyar gida a ƙafa yana murmushi shi kaɗai.

Abin da ya gaya wa mutane gajere ne. Ya ce motar ta zauna, ba ta iya shiga burtali, kuma ba ta ɗaukar kaya. Ya lallashi kansa da cewa duk cikin maganar nan babu ƙarya. Tahira kaɗai ya gaya wa gaskiya, ita kuwa ta riƙe baki ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda ya gurgunta jakinsa da kuɗinsa ba. Asabar biyu a jere ya fita da sassafe, ya yi tafiyar minti ashirin zuwa titi, ya isa aji kafin malami. Ya zauna a layin gaba. Har littafi ya ara a laburare.

Abin da bai hango ba shi ne mutanen gari za su je duba motar. Suka riƙa zuwa biyu-biyu, uku-uku, kamar masu dubiyar mara lafiya. Dattawa suka durƙusa suka leƙa, suka girgiza kai. Ba wanda ya taɓa jin cewa mutum mai hankali zai biya a sauke masa mota, don haka bayani ɗaya kawai suka samu: kayansu ne suka karya mata baya. Kowa ya tuno nasa. Mai taki ya ce buhu shida ya ɗora mata rana guda. Inna Larai, tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda yanar ido ta kusa rufe mata gani, ta sa aka ja ta har wurin. Ta lalluba da hannu tsakanin taya da jikin mota, yatsunta suka ƙi shiga, sai ta fashe da kuka ta ce gyaɗarta ce.

Sai aka fara zuwa yi masa jaje. Abdulkabir ya zauna a zaure yana amsa Allah Ya mayar da alheri, kansa a sunkuye, mutane suna cewa dubi yadda abin ya taɓa shi amma ko ƙorafi bai yi ba. Wata ta aiko da ƙwan zabi. Tahira ta ce ya tashi ya faɗi gaskiya tun abin bai yi nisa ba. Ya ce zai faɗa, bari dai a gama jarrabawa.

Ranar Alhamis ya taso daga makaranta, ya ajiye motar wurin Sabiru, sai ya ga babu Sabiru. Daga cikin burtali yake jin ƙarar diga da hayaniyar mutane. Ya shiga. Mazan gari ne kaf, an yi gayya. Wasu na sare tudun tsakiya, wasu na cike ramukan amalanke da marmara, amalanken da suka ɓata hanyar su ne ke jigilar ƙasa. Mata sun kawo kunu a bokitai. An riga an ci fiye da rabin hanya, ta yi sumul kamar daɓen ɗaki. Da suka hango shi suka ɗaga hannu suna murna, wani ya ce tunda su suka zaunar da motar, ba za su bar Malam Abdulkabir yana tafiyar ƙafa ba.

Ya ƙarasa kwanar da hanya ta fi matsewa, a nan ya tsaya cak. An faɗaɗa wurin. Gero ya riga ya fitar da kai, saura 'yan makonni a yi girbi, amma ga shi an sare shi ɗanye an tara a gefe. Kunya ɗaya an cire daga gonar mahaifinsa. Ɗaya gefen kuwa gonar Inna Larai ce, 'yar mitsitsiya da ba ta kai ta shekara ba ko a damina mai kyau, kuma kunya biyu aka cire mata. An ce ɗaya aka nema, ita ta rantse sai an ɗauki biyu.

Malam Hashimu na tsaye a wurin da lauje a hannu. Abdulkabir ya matsa kusa da shi, ya rage murya, ya ce akwai maganar da yake so ya faɗa game da motar. Malam ya ja shi gefe, bayan tarin karan.

"Na leƙa ƙarƙashinta tun ranar farko," in ji Malam. "Na ga jajayen ƙarafan nan. Abin da kaya suka karya ba ya sheƙi."

Abdulkabir ya kasa ɗaga ido. "Baba, to me ya sa ka bari aka yi wannan aikin?"

"Na jira ka faɗa da bakinka, mako biyu. Ba ni zan tona ɗana a masallaci ba." Malam ya dubi geron Larai da ke kwance. "Yanzu kuma ka makara. Wannan ba ya komawa ƙasa. In ka faɗa, ta yi asarar gero, ta kuma yi asarar ladan da take jin ta samu. Ka riƙe bakinka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka sa shi ya shigo da motar. Ta bi sabuwar hanya lafiya lau, ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. Mutane na biye da ita a baya har ƙofar gida, aka yi addu'a, aka shafa. Shi kuwa yana riƙe da sitiyari yana jin kamar gawarsa yake rakawa. Tahira ba ta tsokane shi ba ranar, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Asabar da safe ya shirya da wuri, ya sa littattafansa a jaka, ya yi niyyar fita kafin wani ya zo da buƙata. Yana buɗe ƙofar zaure ya ga Inna Larai zaune a dakali, ta sa mayafinta na unguwa, da 'yar leda a cinya. Malam na tsaye gefenta. Ya ce likitocin ido masu zuwa sau ɗaya a shekara sun sauka a wani asibiti gaba da Watari, yau ce rana ta ƙarshe, kuma duk wanda bai karɓi kati kafin ƙarfe takwas ba sai baɗi. Ya ce ita ba ta so ma a faɗa, shi ya matsa. Sannan ya ce idan da hali.

"Ba ni da kaya, ɗan nan," in ji Larai, ta ɗaga ledar. "Ko tabarma ban ɗauko ba. Ni kuma ka gan ni, ba nauyi gare ni ba."

Ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta shiga a hankali, ta zauna a bakin kujera, ta ƙi jingina, kamar hakan zai rage wa motar wani abu. Suka bi burtali. Da suka zo kwanar, ƙarar taya ta sauya a kan sabuwar marmara, ta tambaye shi ko nan ne wurin gonarta. Ya ce nan ne. Ta ce alhamdu lillahi, ashe motar ta wuce.

A bakin titi ya taka birki. Dama hanyar Kano ce, hagu ta Watari. Agogon motar ya nuna bakwai da minti biyar, lokacin da ya ishe shi ya isa ɗaya daga cikin wuraren biyu. Jakar littattafansa na kujerar baya. Babu mota ko ɗaya a titin, amma ya daɗe yana duba dama da hagu, har Sabiru ya ɗago daga facin da yake yi yana kallonsa.

Larai ta juyo da fararen idanunta wajensa. "Ko ta sake zama ne?"

"A'a, Inna," ya ce. "Lafiyarta ƙalau."

Ya juya sitiyari hagu. Motar ta hau kwalta ta kama hanya, ba tangaɗi, ba ƙara, daidai yadda Kamaruddeen ya ce za ta yi.