Romon Mista Wu a Adabka

Ranar Talata ce, washegarin ruwan farko. Ƙasa ta jiƙe, gari ya yi luf, duk mai ƙarfi a Adabka ya saɓi sungumi ya nufi gona shuka. Ban da Lauwali. Shi yana tsakar gida yana figar kaza.

Shekara biyu ya yi yana wanke-wanke a sansanin wasu 'yan Caina masu haƙar zinariya can wajen Bagega. Da aikin ya tashi, tsohon kukunsu, Mista Wu, ya damƙa masa wata 'yar leda. A ciki akwai yankakkiyar saiwa fara-fara, da busassun 'ya'yan itace ja masu kama da dabino. Da hannu da guntuwar Hausarsa ya nuna masa cewa idan zafi zai fita sanyi zai shigo, a dafa su da tsohuwar kaza, a ba mai raunin jiki ya sha. Romon shi ne maganin. Naman ya gama aikinsa.

Mahaifiyarsa Inna kuwa tun zazzaɓin bazara ba ta koma daidai ba. Ta rame, tari ya ƙi sakinta, ga damina ta kawo kai. Leda ɗaya ce, kuma Lauwali bai san inda zai samo ta biyu ba.

Matarsa Mubina ta tsaya a kansa tana kallo.

"Maza na gona, kai kana bakin murhu. In kawo maka zane?"

"Ke dai ba ni wuri."

"Ga daddawa."

"Ba a sawa."

"Tonka hwa?" Ta miƙo masa barkono.

"Ba a sawa."

"To wanga miya ta, ko wankin kaza?"

Ya jefa citta, ya kwashe kumfa da ludayi, ya rage wuta. Mista Wu ya ce kada ruwan ya yi tsalle, ya riƙa motsi kawai. Tun hantsi har la'asar yana tsugune yana tura itace ɗaya-ɗaya, hayaƙi na sa shi hawaye.

Da aka kira salla ya sauke tukunyar.

"Maganin Inna na. A bar shi ya huce, ina dawowa."

A ƙofar masallaci ya tarar da waɗanda suka dawo gona, ƙafafu duk laka. Suka fara yi masa tsiya, wai ga likitan Caina. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya shiga yi musu bayanin yadda mutanen can ke kai shekara casa'in suna hawan keke. Bayanin ya yi daɗi, ya ja lokaci.

Inna ba ta iya jira ba, kuma ba yau ta fara ganin dafaffiyar saiwa ba. Ta sa Mubina ta buɗe tukunyar, ta ɗebi tafin hannu ɗaya ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Babu gishiri, ke nan ba miya ba ta. Babu ɗaci, ke nan ba na sha ba na. Wanga na wanka na. Ɗauko bokiti."

Da Lauwali ya shigo, sai ya ga Kawu Makau, ƙanen Inna, zaune a tabarma da kwano a gaba. Mubina ta tsame kazar, ta soye ta da mai, ta barbaɗe da yaji, tunda ba a taɓa jin inda aka zubar da kaza ba.

"Allah shi yi albarka, ɗana," in ji Kawu yana tsotsar ƙashi. "Ashe zamanka da 'yan Caina bai tahi banza ba."

"Ina romon?"

Kafin a ba shi amsa, Inna ta fito daga banɗaki da bokiti a hannu, jikinta na ƙyalli, tana ƙamshin kaza. Jan dabino ɗaya ya maƙale a bakin zanenta.

"Kai Lawal, maganin ga na da kyau. Ji hwatata, ta yi laushi awa ta jariri. Sai dai maiƙo ya yi yawa, sai da nis surka da ruwa."

"Inna, sha aka yi!"

"Ai na sha. Bismilla nic ce, nis sha, sannan niy yi wanka da saura. Haka aka yi ma magani tun ba a haihe ka ba."

Lauwali ya leƙa bayan katanga. Ruwan ya bi magudana, agwagin maƙwabta na wasa a ciki. Bayansa Inna ta zauna, ta yi tari mai tsawo, sannan ta tambaya ko Mista Wu ɗin yana da irinsa na ciwon gwiwa.

Abin da ya salwanta ranar: leda ɗaya, kaza ɗaya, itace dami biyu, yinin shuka guda, da romo tukunya ɗaya, ban da tafin hannu ɗaya.