Ruwan Kwaɓi

A gidan burodin nan babu mai taɓa ruwan kwaɓi sai Gwana. Shekara goma sha ɗaya ke nan kullum da safe tana tsoma hannu cikin babban baho, ta ce a ƙara na zafi ko a sirka da na sanyi, sannan a zuba yis. In ruwan ya cika zafi yis ya mutu, in ya yi sanyi ƙulli ya yi nawar tashi. Ba ta taɓa kuskure ba, shi ya sa sunanta na yanka ya ɓace, har maigida Gwana yake ce mata. Ita ma tana ji da abin, ba ta ɓoyewa.

Sai burodi ya fara ba da kunya. Kwana uku ko huɗu a kowane wata ƙulli ya ƙi tashi a kan lokaci, masu gashi su gaji da jira su tura shi tanda haka nan, ya fito a cure kamar sabulu. Masu shaguna suka fara dawo da shi. Maigida ya zargi fulawa, ya canja. Ya zargi yis, ya canja. Har direban da ke rarraba burodin ya sha faɗa, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mahaifiyar maigida ce ta gano bakin zaren, ko kuma ta ɗauka ta gano. Tsohuwar takan zauna a teburin ɗauri tana sa burodi a leda, kuma idonta ba ya hutawa. Ta lura cewa a ranakun da burodi ke lalacewa Gwana tana zuwa da rigar sanyi, wani lokaci har biyu, ta rakuɓe jikin tanda tana rawar ɗari alhali kowa na sharce gumi. Ta kuma lura ba ta tashi salla a ranakun. Ta kira ɗanta gefe ta gaya masa cewa mace mai al'ada ba ta taɓa ƙulli, tun suna yara suka san haka.

Maigida ya kwana biyu yana kewaye-kewaye. Da ya zo faɗa wa Gwana, bango ya riƙa kallo. Ya ce daga wata mai zuwa, in waɗannan kwanakin suka zo, ta bar bahon ta koma teburin ɗauri, in kuma abin bai gyaru ba za a sake shawara. Gwana ta gane abin da ake nufi da sake shawara. Ta kuma gane cewa duk ranar da ta zauna a teburin nan, maza shida da ke wurin za su san abin da ke jikinta. Ta ce to, ta cire ƙyallen gabanta ta tafi gida, ranta a ɓace.

Ƙanwarta ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta iya jin labari ba tare da ta kama wani sashe na jikin mai ba da shi ba. Ta riƙo hannun Gwana ta ji shi da sanyi kamar ƙarfen ƙofa. Ta ja fatar idonta ƙasa ta ga ciki ya yi fari. Ta tambayi kwana nawa jinin ke yi, sau nawa take canja audugar mata a yini, ko tana haki in ta hau bene. Amsoshin ba su yi mata daɗi ba. Ta ce zafin jikin mace yakan ɗan sauka in al'ada ta zo, wannan ba komai ba ne, amma irin wannan sanyin ya fi kama da ƙarancin jini, wani lokaci kuma matsalar maƙoshi irin ta maƙoƙo ce ke kawo shi, sai an gwada a asibiti. Sannan ta haɗo ruwa a kwano ta ce a taɓa.

Gwana ta tsoma yatsu ta ce ya yi zafi, a sirka.

“Yaya, ruwan nan da ƙyar ya kai ɗumi,” in ji ƙanwar. “Hannunki ne ya yi sanyi, shi ya sa komai kike ji da zafi.”

Gwana ta daɗe tana kallon kwanon. Ashe wata da watanni ita ce take sa a yi ta sirka ruwa mai kyau har ya huce.

Gwajin asibiti ya nuna jinin ya yi ƙasa sosai, maƙoshi kuwa lafiya lau. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rage zubar, aka ce sai ta yi haƙurin watanni. Ita kuwa ba ta da watanni, mako uku take da su. Sai ƙanwar ta sayo mata ma'aunin zafi irin na girki, ɗan siriri mai lamba a kai. A ranakun da hannunta ke daidai Gwana ta riƙa haɗa ruwan yadda ta saba, ta tsoma ma'aunin a ɓoye, har ta haddace lambar.

Da kwanakin suka zo ta shigo da rigar sanyinta, ta wuce teburin ɗauri ko kallonsa ba ta yi ba. Ta roƙi maigida ya ba ta yini ɗaya. A gaban kowa ta tsoma ma'aunin, ta sa aka ƙara na zafi har lambar ta kai, ta kwaɓa da hannunta biyu. Ƙulli ya tashi har yana neman ture murfi. Tsohuwa ta ce fulawar ce aka yi sa'a, amma ba ta ƙara tayar da maganar ba. Maigida ya ji daɗi ƙwarai. Ya karɓi ma'aunin ya jujjuya, ya tambayi lambar, ya rubuta ta da alli a bango saman bahon, ya kafa ƙusa ya rataye shi.

Cikin wata huɗu jinin jikinta ya dawo daidai, rigar sanyi ta koma akwati. Wata safiya Gwana ta iso a kan lokacinta ta tarar an riga an haɗa ruwa. Ɗaya daga cikin masu gashi ne ya haɗa, mutumin da ko shayi ba ya iya sirkawa. Maigida na tsaye yana murmushi.

“Kin ga kin huta ke nan,” ya ce. “Yanzu kowa ma zai iya.”

Ta nannaɗe hannun riga ta tsoma hannu har gwiwa, tana fatan ta sami abin gyarawa, ko da kofi ɗaya ne na ruwan zafi. Ruwan daidai yake. Ta ƙara jujjuya hannun a ƙasan bahon, inda sanyi kan ɓuya, nan ma daidai yake.