Furen da Ya San Teku

Saura kwana uku a ɗaura auren Mwanaidi a bakin tekun Kilifi, sai yayar ango, Shufaa, ta sauko daga Nairobi da hoton furen wardi a wayarta.

"Irin wannan za a saya, amarya. Daga Naivasha ake kawo shi, shilin dubu tamanin kacal."

Mwanaidi ta ci gaba da kankare kwakwarta. "Kacal? To, Yaya, ni farin furen asmini zan sa. Na maƙwabta ma ya ishe ni."

"Asmini? Abin da tsofaffi ke cusawa a ɗankwali? Ki rufa mana asiri!"

"Asirinku a rufe yake. Aurena ne."

Shufaa ta ja tsaki, ta sayo wardin da kuɗinta. Ranar biki tun da hantsi ta sa aka jera shi a kan rairayi. Mwanaidi kuwa da sassafe ta bi gidaje ta tsinko asmini tun bai buɗe ba, ta jera shi a zare, ta naɗe a jiƙaƙƙen zane.

Kafin la'asar, rana da iskar gishiri sun gama da wardin, duk ya sunkuyar da kai. Da yamma ta yi sanyi, asminin ya buɗe a wuyan amarya, ƙamshinsa ya danne ƙarnin kifi.

Shufaa ta matso, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan sam mini guda."

Mwanaidi ta kalli gashin Shufaa da ya sha gyara. "Ai ba ki da ɗankwali, Yaya."